Kwarin Aro da Na Kira Gado

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa rikita sunayen 'ya'yana, akwai yini ɗaya da na san ba zai goge daga kaina ba. Shi ne ranar da aka tara mu a bakin filin En'e, aka yi mani tambaya ɗaya tak, na buɗe bakina na yanka kaina da amsa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ba zan kira sunan kowa ba. Waɗanda suka tsaya a wurin sun san kansu, wanda ya fi kowa sanin kansa kuwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Ƙauyenmu yana gefen Aliero, kuma ba sai na faɗa wa kowa abin da muke ci da shi ba, albasa ce. A yammacin gari akwai wani babban fili na ƙaramar hukuma. Tsofaffi suna ce masa filin En'e, don tun zamanin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, aka keɓe shi aka ce za a gina asibiti. Aka kakkafa masa turakun siminti, aka tafi aka bar shi, awaki suna kiwo a kai shekara da shekaru. Gonar gidanmu ta tudu tana manne da shi ta gabas. Can ƙasan filin kuma, a cikinsa, akwai wani kwari mai baƙar ƙasa, wanda in ka haƙa kamu shida ka ga ruwa. Wannan kwarin ba namu ba ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya je ya durƙusa gaban hakimin garinmu ya roƙa, hakimi ya yi magana da na sama, aka ba shi aro. Aka ce ya noma har ranar da hukuma za ta buƙaci abinta.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida, kuma ba a takarda take ba. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gini. Sannan duk shekara in an cire albasa, zai cika kwando ɗaya ya kai ƙofar hakimi. Baba bai taɓa fashi ba, ko shekarar da tsutsa ta cinye rabin gona. Na taɓa ce masa hakimi fa ya fi mu albasa, me zai yi da kwandonmu. Ya ce, “Kwandon ga ba abinci na ba, baki na. Shi ka hwaɗin mun san wurin ba namu na ba.”

Da Baba ya rasu, bayan sadakar arba'in, yayana ya kira kawunnanmu biyu aka zauna rabo a zaure, ba alƙali ba malami. Mata, wato Innarmu da 'yan'uwanmu mata, aka ba su gonar gero ta hanyar Kashin Zama. Saura mu biyu maza, saura tudu da kwari. Yaya ya gyara murya, ya yi fuskar mai sadaukarwa, ya ce, “Kai yaro na, da sauran ƙarhinka. Ɗauki kwari, abin da tudu ka ba da buhu guda kwari uku shi ka badawa. Ni in yi haƙuri da tudu.” Ku ji fa, ya yi haƙuri. Ya yi haƙuri da gonar da kakanmu ya sare da hannunsa, ya bar mani wadda aka ara. Ni kuwa na san aro ce sarai, don ni nake ɗaura kwandon a bayan keke. Amma na hango baƙar ƙasa da ruwa kusa, na ce na yarda. Daga ranar ba ni da ko taki ɗaya na ƙasa a duniya sai wannan kwarin. Da shi nake ci da mata da 'ya'ya huɗu, kuma na san zamana a ciki ya dogara ne da kada wani ya tayar da maganar filin En'e.

Bari in gaya muku ko wane ne yayan nan nawa. Dillalin albasa ne a kasuwar Aliero, mai murya kamar an buga garwa. Biro uku yake saƙalawa a aljihun gaba, alhali in ya rubuta sunansa sai ya huta. Tun ranar da ya taɓa zuwa kotu a Jega ya ba da shaida a kan wani jakin da ya ɓace, shi ke nan ya zama lauya. Ba za ka yi magana uku da shi ba sai ya ce maka “doka ta ce”. Wace doka, a wane littafi, ba mai tambaya, don in ka tambaya sai ya ƙara murya.

Damina ta farko bayan rabo, ya kawo garmar shanu ya yi huɗa, sai ga kunya ɗaya ta faɗa cikin filin En'e. Na nuna masa, ya ce shanu ne ba su san iyaka ba. Damina ta biyu shanun suka ƙara biyu. Ta uku suka zagaye turken siminti gaba ɗaya, ya koma tsakiyar dawa yana leƙe. Abin mamaki, shanun nan ba su taɓa yin kuskure ta gabas ba, inda gonar wani mahauci take, mutumin da ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu. Can sun san iyaka kamar su suka shata ta.

Na same shi na ce, “Yaya, ka bar kaza cikin gashinta. Ranar da anka kawo awo wurin ga, ni za ni kwana ciki, ba kai ba.”

Ya kalle ni sama da ƙasa. “Kayan gwamnati, mai shi wa? Ka taɓa ganin gwamnati da hauya?”

Na ce wa kaina ai babba ne, ba a ja da na gaba. Ƙarya nake yi. Tsoron bakinsa nake ji, kuma can ƙasan zuciyata ina son in ga ko zai sha, don in ya sha ni ma na sami hanya.

A shekarar ce ya iske ni ƙofar gida ina ɗaure kwandon hakimi a bayan babur. Ya ce ina za ni da wannan. Na gaya masa. Ya yi wata dariya har yana dafa bango. “Amma kai wawa na. Kowace shekara ka ɗauki shaida bisa kai, ka kai ma mutane cewa gona ba taka ta ba. Doka ta ce wanda yan noma wuri shekara goma ba mai tada shi. Daina kai kwando, ka dasa itace, shi ke nan ta zama taka.” Ban tambaye shi wace doka ba. Na tsaya da igiya a hannu, ina jin maganar tana shiga ta da daɗi. Taka. Ban taɓa jin an ce mani wani wuri nawa ne ba. Na kwance kwandon na mayar ciki.

Matata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ga na shigo da shi. Ta ce, “Malam, kwando guda na hwa.” Na ce mata maganar gona ba ta mata ba ce. Ta ci gaba da tankaɗenta. Cikin dukan gidan nan ita kaɗai ce ta faɗi magana mai hankali a kan kwarin, ni kuma ita kaɗai na iya yi wa tsawa.

Bayan kamar wata ɗaya muka haɗu da hakimi a ƙofar masallacin Juma'a. Tsoho ne sosai a lokacin, yana dogara sanda, amma idonsa ras. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, “Bana albasa ba ta yi ba?” Na ce, “Ta yi, ranka shi daɗe.” Ya ce, “Madalla.” Ya wuce. Mai hankali da a ranar ya koma gida ya cika kwando biyu. Ni kuwa sati na zagayowa na je Jega na sayo dashen mangwaro uku, na kafa su a bakin kwari, har ina yi masu shinge da ƙaya kada awaki su ci. Shekara huɗu na yi ban kai kwando ba, in na hango hakimi ta wannan lungu sai in bi wancan.

Shi kuwa Yaya abin ya daina isarsa kunya-kunya. Wata ranar kasuwar Jega, da hantsi, gari ya watse kowa ya tafi, ya aiko a kira ni. Na same shi a bakin iyaka da diga da shebur. Ya ce, “Zo kama mani.” Turaku huɗu muka tone, muka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, muka kai su taki ashirin cikin filin En'e muka sake kafawa. Eh, muka. Ni na riƙe gindi shi ya riƙe kai. Ya cike tsofaffin ramukan da ƙasa, ya tattake, ya watsa toka da kashin awaki a gindin sababbin don su yi kama da sun daɗe. Yana yi yana yaba wa kansa, wai ko Bature ya dawo ba zai gane ba.

Sai kuma ya yi abin da a ganinsa shi ne ƙarshen wayo. Lokacin cire albasa ne, ana kafa rudu. Ga wanda bai sani ba, rudu gadon kara ne da ake ɗorawa a kan sanduna, sama da ƙasa kamar kamu ɗaya, a jibge albasa a kai, a yi masa rufin ciyawa, iska tana shiga ta ƙasa, ta zauna har damina lokacin da take tsada. Yaya ya kafa rudu shida a jere, daidai kan tsohuwar iyaka, don su rufe gurbin ramukan. Ya cika su fam, ya koma gefe ya riƙe ƙugu yana kallo. Ya ce mani, “Ka ga aikin masu ilimi.”

Ba a yi wata biyu ba sai ga farar mota a bakin fili. Asibitin da aka yi wa kakanninmu alkawari, ashe lokacinsa ya yi. Wani saurayi ya fito, safiyo ne, wato mai awon ƙasa, da takarda a naɗe da tef ɗin awo. Ya ja daga turakun yamma zuwa na gabas, ya duba takarda, ya sake ja. Ya ce filin ya gaza. Cikin ladabi ya faɗa, har yana cewa wataƙila kuskure ne. Da Yaya ya yi shiru, ko ya ja yaron gefe ya ce a mayar da turaku a rufa wa juna asiri, da maganar ta mutu a nan. Ina. Lauya ai ba ya shiru. Ya ɗaga murya har ana jin sa a bakin rijiya, wai an zo a ƙwace masa gadon ubansa, wai a kira hakimi, a kira dattawa, a tara gari, shi ba a yi masa zalunci a ɓoye. Shi da bakinsa ya nemi taron. Aka sa kwana bakwai.

A kwana bakwai ɗin nan ban ci abincin kirki ba. Na je na roƙe shi ya janye, na ce masa ya tuna kwarina a ciki yake. Ya ce in kwantar da hankalina, yana nan. A tsakanin kuma ruwan farko ya sauka, sau biyu, mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙa sosai. Ba wanda ya kawo komai a ransa, kowa murnar shuka yake yi.

Ranar taro da safe gari ya fito. Aka kawo wa hakimi kujera aka ajiye a inuwar wata bedi, wato dogon yaro. Safiyo yana gefe da takardarsa. Mahaucin gabas ya baro kwata ya zo, ko hannu bai wanke da kyau ba, don ya ce wannan kallon ba ya wuce shi. Yaya ya iso cikin babbar riga, biro ukun nan suna aljihu. Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce turakun nan tun yana goye yake ganin su a nan. Ya ce tef ɗin zamani roba ne, rana tana miƙar da shi. Ya ce doka ta ce sau nawa, ban ƙirga ba. Hakimi yana zaune, haɓa a kan sanda, bai katse shi ba ko sau ɗaya.

Da ya gama, tsohon ya miƙe da ƙyar. Bai nufi turaku ba, rudu ya nufa. Ya tsaya gaban na farko, ya dafa sanda, ya duƙa a hankali har gwiwarsa tana ƙara, ya leƙa ƙarƙashi. Ya daɗe a duƙe. Sannan ya ce wa safiyo, “Ɗana, zo duƙa ka gani.”

Duk muka duƙa. A ƙarƙashin rudun nan, tun daga na farko har na shida, wasu ganyaye ne kore shar masu faɗi suka tsiro a layi, miƙe kamar an ja igiya. Albasar kura ce. Ba a cin ta, akuya ma ba ta kula ta, kanta yana can ƙasa da nisa. Da rani ta bushe ta ɓace kamar babu, ruwan farko na sauka ta fito. Mutanen da can ita suke dasawa a iyaka, don ita ba a ɗaukar ta a kai gaba. Duk shekarun da Yaya yake huɗa a wurin, garma da fartanya suna sare ganyen tun yana ƙarami, shi ya sa ba mai lura. Sai da ya yi mata rumfa da hannunsa, inda fartanya ba ta shiga, ta samu ta miƙe. A cikin layin kuma ga gurbi huɗu zagayayyu, ruwa ya danne ƙasar cikon ta lotsa, kowanne da ɗan ruwa kwance a ciki.

Hakimi ya ce, “Ni nid dasa ta, ina saurayi, ranar da anka kahwa turakun ga. Siminti na Bature na, wagga tamu ta.”

Mahauci ne ya fara dariya, sai wuri ya ɗauka. Mutumin da ya shekara talatin yana dillancin albasa, wanda in ya ɗaga guda ɗaya zai gaya maka daga wace gona ta fito, shi albasa ta tona wa asiri a ƙarƙashin kayansa. Wani ya ce a tambayi lauya abin da doka ta ce a kan ganye. Yaya yana tsaye, gumi yana bin wuyan babbar riga. Allah ya yafe mani, ni ma na ji daɗi. Na sunkuyar da kai ina danne murmushi, na manta ni na riƙe gindin turke.

Daɗin bai yi minti biyu ba. Yaya ya juyo, idonsa ja, ya neme ni cikin mutane har ya same ni, ya miƙa hannu ya nuna ni. Ya ce, “To in hili na En'e na, a bi layin har ƙarshe. Kwarin ƙanena hwa? Ba ciki shi ke ba? Ko shi ɗan lele na?”

Wannan shi ne wanda ya ce in kwantar da hankalina yana nan. Ba wanda ya tambaye shi, ba abin da zai ƙaru da shi, turakunsa ba za su dawo ba. Kawai ba ya son ya ji kunya shi kaɗai. Na sha jin ana cewa ɗan'uwa rabin jiki, a ranar na ga rabin da ke ciwo.

Safiyo ya buɗe takarda ya duba, ya ce gaskiya ne, kwarin a ciki yake, kuma dole ya rubuta matsayin wanda ke nomansa. Aka ɗunguma aka gangara. Masarata ta fara tsiro, layi-layi. Mangwarona uku suna tsaye a baki, sun fi ni tsawo, sun yi ganye luf, ba inda zan ɓoye su. Hakimi ya kalle su, ya kalle ni. Ya ce, “Kwarin ga da kaka noma, aro na ko gado na?”

Ga abin da ya zo mani a kai, don ba zan ɓoye wautata ba. Na ga in na ce aro, na faɗa gaban gari cewa ba ni da komai, kuma yau ɗin nan za a ce in tashi. In na ce gado, ga itatuwa shaida, ga shekaru, ga dokar nan ta shekara goma. Dokar wa? Dokar mutumin da yanzun nan ya nuna ni da yatsa. Har a lokacin da karatunsa nake aiki.

Na ce, “Gado na, ranka shi daɗe.”

Tsohon ya karkato kai ya sa hannu a bayan kunne. “Ban jiya ba. Kunnen ya tsuhwa. Mi kac ce?”

Kunnensa lafiya lau, kowa ya sani, mutumin da ke jin raɗa daga zaure. Ƙofa ya buɗe mani in fita. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda na baya ma za su ji, na ce, “Gado na. Wurin ubana nig gada.”

Hakimi ya kalle ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mani sauƙi. Ya ce, “To. Ubanka aro yaz zo nema, kuma har Allah ya amshi abinai bai hwashi kwando ba. Kai shekara huɗu ban ga kwandonka ba. Ga itace ka dasa, ga shi ka ce gado.” Ya juya wurin safiyo. “Ɗana, ba ni da mai aro wurin ga. Rubuta abin da kag gani.” Yaron ya rubuta. Mutum biyu sun ci filin hukuma, wa da ƙane.

Yaya aka ba shi kwana uku ya kwashe rudu. Ya kwashe, ya ja su baya cikin gonarsa, ya sake kafawa, da damina ta yi nisa ya sayar da albasarsa da tsada. Abin da ya rasa kawai abin da da ma ba nasa ba ne. Ni aka yi mani adalci, aka bar ni na cire masarar shekarar. Rani na kamawa aka zo aka ja katanga, ta zagaye filin duka har da kwarin.

Kafin a fara katangar na je wurin hakimi, na zube a zaure, na ce a taimake ni. Ya sa aka ba mu wuri. Ya ce tun ranar da motar ta fara zuwa ya yi magana da mutanen hukuma. Ginin a tudu za a yi shi, ba ruwansu da kwari, kuma sun yarda in akwai mai aro na gaskiya a ja katanga a bar shi waje, ya ci gaba da noma kamar yadda ubansa ya yi. Abin da ake buƙata kawai in faɗa da bakina gaban mutane. Ya ce, “Sau biyu nit tambaye ka. Wanda yac ce aro, ina iya tsaya mai. Wanda yac ce nashi na, ya hi ƙarhina, sai shi kawo takarda.” Na fito daga zauren nan ban san ta inda na bi na isa gida ba. Matata ta ga fuskata ta gane, kuma har yau ba ta taɓa ce mani ai na faɗa maka ba.

Sai na wanke ƙafa na tafi wurin Yaya. Na ce masa tunda kwari ya tafi, kuma da ma ba cikin gado yake ba, a sake raba tudu, ko kashi ɗaya cikin uku ne ya ba ni. Yana zaune a kan tabarma yana cin goro. Ya ce, “Rabo an yi shi gaban shaidu. Kai kaz zaɓi kwari, wa yat tilasta ka? Kuma da ka iya bakinka gaban hakimi da ba haka ba. Mutum ya san abu aro na, shi tashi shi ce gado?” Wallahi haka ya ce mani, ko ƙifta ido bai yi ba. Na so in kai shi gaban alƙali, kuma na san da na samu. Innarmu ta kama hannuna tana kuka, ta ce kada mu kai juna kotu tana raye. Na bari.

Da zan tashi sai ya kira ni, da muryar nan tasa ta mai sadaukarwa. Ya ce in ina son aiki, lokacin dashe ya kusa, in zo in kama masa, zai sallame ni kamar kowa. Na fita. Na rantse a raina ko yunwa za ta kashe ni ba zan je ba. Amma rantsuwar mai 'ya'ya huɗu ba ta kai wata biyu. Na je. Na duƙa a gonar ubana, cikin 'yan ƙwadago, ina dasa albasa, yayana yana inuwa yana ce mani tazarar ta yi yawa in matso da su. Da la'asar na shiga layi tare da sauran aka sallame ni. Rani guda na yi haka, kafin Allah ya haɗa ni da wani bawan Allah a wajen Giwa Tazo ya ba ni hayar 'yar gona. Can nake noma har yanzu, in bi ta Jega a babur in tafi, in kwana biyu in dawo.

Mutane in sun tuna ranar, labarin albasar kura suke bayarwa su yi dariya, har yanzu ana tsokanar Yaya da shi a kasuwa, shi ma yana taya su. Ni ban cika dariya ba. Abin da na koya, na koye shi da tsada. Wanda ka ga yana cin iyaka, kada ka ɗauki karatu a wurinsa ko da nono ɗaya kuka sha, don ranar da aka kama shi kai zai fara nunawa. Abin da aka ba ka aro kuma, kira shi aro da bakinka, da ƙarfi, ko gari duka na tsaye. Talaka ba shi da takardar fili, gaskiyarsa ce takardarsa. Ni tawa tana hannuna a ranar, aka ce in nuna har sau biyu, na ƙi.